Fayil yana hannunka, amma man ya ce bai san shi ba

Daga Dawanau nake magana yau, kuma zancen na masu koyon Linux ne.

Kun san umarnin man, wanda yake buɗe maka bayanin manhaja ba tare da ka taɓa datarka ba. Tun 1971 ake rubuta irin waɗannan shafukan a tsarin Unix. To ga inda ake samun cikas: aboki ya tura maka manhaja ta filash, a ciki akwai fayil ɗin bayaninta, mu ce kaya.1. Ka rubuta man kaya, sai ya ce maka No manual entry. Da yawa nan take za su kunna data su tafi Google, alhali abin yana gabansu.

Shi man ba ya zagaye kwamfuta gaba ɗaya. Yana da wuraren da ya saba dubawa, babbansu /usr/share/man. Kamar dillali ne a kasuwar nan: ka ce masa riɗi, layin masu riɗi zai nufa, buhun da ka ajiye a shagon wani ba zai gan shi ba sai ka nuna masa.

Hanya mafi sauƙi, ka shiga inda fayil ɗin yake ka rubuta man -l kaya.1. Shi ke nan. Ko da ya ƙare da .gz zai buɗe.

In kuma shafukan suna da yawa, sai man -M /home/kai/littattafai kaya. Amma fa a kula, nan ne mutane suke tuntuɓe: dole cikin littattafai a sami wata jaka mai suna man1, fayil ɗin kuma ya zauna a cikinta. Uwar jakar za ka nuna masa, ba man1 ɗin ba.

Wanda yake son abin ya dawwama, ya sa wannan layin a .bashrc:

export MANPATH=:/home/kai/littattafai

Ka ga waɗannan ɗigo biyun da ke bayan alamar daidai? Kar ka kuskura ka cire su. Su ne suke gaya wa man ya ci gaba da duba tsofaffin wurarensa. In babu su, ko man ls ka rubuta zai ce bai san shi ba, ka ɗauka kwamfutarka ce ta lalace.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.