Mai Ciwon Sikila Ba Rago Ba Ne

A yau za mu yi magana a kan ciwon sikila, wanda waɗansu ke kira amosanin jini, da yadda mai shi zai yi zama da gajiya da zafin da yake kawowa. Da wuya a sami ikilisiyar da babu mai fama da shi, gama wajen mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da irin ciwon a jininsa, ko da shi kansa lafiya lau yake. Irin wannan mutum shi ake kira AS. In miji da mata duka AS ne, kowane cikin da aka ɗauka yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato ciwon kansa.

Bari mu fara da gajiyar. Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke kai iskar da muke shaƙa ko'ina cikin jiki. A jikin mai lafiya ƙwayar takan yi wajen kwana 120 tana aiki. A jikin mai sikila kuwa, daga kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Jiki ba ya iya mayar da gurbinsu da sauri, don haka kullum jini a ƙarance yake. Yaron da ya ɗebo ruwa guga biyu ya zauna yana haki, iyakar ƙarfinsa ke nan. In muka ce masa rago, mun ɗora masa kaya a kan kaya.

Zafin kuma ga yadda yake zuwa. Ƙwayar takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Duk inda jini bai kai ba, a nan ciwo ke tashi, ko a ƙashi, ko a gaɓoɓi, ko a baya, ko a ƙirji. Abubuwan da suka fi ta da shi sanannu ne: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓin cizon sauro, da aikin da ya fi ƙarfin mutum.

To, me mai ciwon zai yi? Da fari, ya san ma'aunin ƙarfinsa. Ranar da ya tashi da dama-dama, kada ya ce zai biya bashin aikin mako guda, gama gobe zai kwanta. Ya raba aiki kashi-kashi, ya huta tun kafin gajiya ta kama shi. Ya riƙa shan ruwa a kai a kai, ba sai ya ji ƙishi ba. Da hunturu ya rufe jikinsa, ya yi wanka da ruwan ɗumi. Ya kwana cikin gidan sauro, ya sha magungunan da likita ya rubuta masa a kan lokaci. Akwai maganin da ake kira haidiroksiyuriya, mai rage yawan tashin ciwon ga mutane da dama, amma sai da kulawar likita.

In ciwo ya tashi, a ba shi ruwa da maganin zafin da aka rubuta masa, a ɗora tsumma mai ɗumi a wurin. Kada a sa ƙanƙara. Amma in an ga zazzaɓi, ko ciwon ƙirji da wuyar numfashi, ko shanyewar ɓarin jiki, ko jiki ya yi fari fat, sai asibiti nan take. A yi addu'a a kan hanya.

Saura namu, mu 'yan ikilisiya. A cikin Yahaya sura 9, almajirai sun nemi sanin zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu kuwa bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Haka nan kada mu zargi uwa, kada mu ce maita ce. Gado ne daga uwa da uba tare. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a kan ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ta ba, duk da haka ba wanda ya ce bangaskiyarsa ta gaza. Saboda haka kada mu sa mai sikila azumin da ba shan ruwa, ko kwanan addu'a a fili da hunturu, kada kuwa wani ya ce masa ya bar magani don nuna bangaskiya.

Zumuntar mata su karɓi uwar da ta kwana uku a gefen gadon asibiti. Matasa masu lafiya su ba da jini in an nema. Masu shirin aure kuma su gwada jininsu tun kafin a kai kaya.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya ƙarfi. Amin.