Tirilobait: Yadda Wata Tsohuwar Halittar Teku Ta Rayu

Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a yi bayani da Hausa a kan wata halitta wadda ta cika tekunan duniya a da can, sa'an nan ta ƙare ƙaf, ba ta bar ko jika ba. Masana suna kiranta tirilobait, watau mai kashi uku, domin gadon bayanta ya rabu gida uku daga kai zuwa wutsiya: tudu a tsakiya, da shafi a dama da hagu. Danginta su ne halittu masu sulke a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa, irin su ƙaguwa da kunama da gizo-gizo da fara. Ta bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, ta ɓace shekara miliyan 252 da suka wuce, kuma an san irinta fiye da 20,000. To, tun da ba wani ɗan Adam da ya taɓa ganinta da rai, ta yaya aka san abincinta da tafiyarta da zamanta? Hanyar ita ce irin ta maharbi mai bin sawu, wanda kan dubi ƙasa ya faɗi dabbar da ta wuce da inda ta nufa. Wani abin yaƙini ne, wani kuwa zato ne mai ƙarfi, kuma ya kamata mai karatu ya riƙa rarrabewa.

Dalilin rashinta a kudancin Kano

Wanda ya bi hanya daga Bebeji ta Tiga, ya ratsa Ƙiru da Tudun Wada har dajin Falgore, zai ga duwatsu ba iyaka, amma ko ya shekara yana fasa su ba zai sami tirilobait ba. Burbushin halitta yana tsira ne cikin laka ko yashi da ya kwanta a ƙasan ruwa, ya binne gawa, ya daskare ya zama dutse. Duwatsun wannan yanki kuwa ba haka aka yi su ba. Galibinsu narkakken dutse ne da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tun kafin tirilobait ta bayyana, ko kuma tsofaffin duwatsu waɗanda zafi da danniya suka sāke wa kama. Na Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, tushen dutse mai aman wuta ne na wajen shekara miliyan 170, bayan ta riga ta ƙare. Tekun da ya taɓa malale ƙasar Sakkwato, wanda ya bar farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, shi ma ya makara ƙwarai. Saboda haka sai an fita waje. A Ankara ta ƙasar Gana an sami wani iri wanda John Saul ya bayyana a 1967, amma taskar Afirka ita ce kudancin Maroko, kuma daga can ne yawancin misalanmu za su fito.

Abin da sulke da ido suka nuna

Sulken tirilobait ba ya girma tare da ita, sai ta riƙa yin saɓa kamar maciji, ta fita daga tsoho ta yi sabo. Don haka mafi yawan abin da ake tonowa saɓa ce, ba gawa ba. Da yawa an same su a dunƙule, kai ya haɗe da wutsiya, kamar bushiya in ta ji motsi. Wannan shaida ce cewa akwai masu farautarta, har ma an ga waɗansu da tabon cizo da ya warke.

Idonta ya fi kome ban mamaki. Ƙananan madubai ne jere, wani lokaci dubbai a ido guda, kuma da ma'adinin kalsait aka yi su, watau ainihin ma'adinin farin dutsen Kalambaina. Da yake idon da ma dutse ne, bai ruɓe ba, ana iya auna inda kowane madubi yake kallo. Daga nan aka gane cewa waɗansu masu rarrafe ne a ƙasan teku, suna duban gefe da gefe. Waɗansu idanunsu sun kumbura har suna ganin sama da ƙasa, waɗannan masu iyo ne a tsakiyar ruwa. Waɗansu kuma makafi ne sam, mazauna zurfi ko cikin laka. Akwai wani iri na Maroko mai suna Erbenochile, wanda aka bayyana idonsa a 2003, yana da 'yar rumfa a saman ido kamar malafa. Ba a yi wa ido rumfa sai inda haske yake, ashe ke nan da rana yake harkarsa, a ruwan da hasken rana ke kaiwa.

Abinci da zaman tare

An daɗe ana muhawara a kan abincinta bisa siffar baki da sawun da ƙafafunta suka bari a laka, irin wanda ake gani a duwatsun Akakus na Libiya. Sai a 2023 aka leƙa cikin wata mai suna Bohemolichas, 'yar shekara miliyan 465, daga ƙasar Cek. An haska ta da haske mai ratsa dutse a Girenobul ta Faransa, aka tarar da hanjinta cike maƙil da ɓawon ƙananan halittun ƙasan teku. Ba ta zaɓe, abin da ta samu shi take haɗiya. Bugu da ƙari, ɓawon bai narke ba, alamar cewa ruwan cikinta ba mai tsami ba ne, kamar na ƙaguwar yau. A 2024 kuma Abderrazak El Albani da abokan aikinsa suka bayyana waɗansu daga tsaunukan Atlas na Maroko, waɗanda tokar dutse mai aman wuta ta binne farat ɗaya kimanin shekara miliyan 515 da suka wuce, har ana ganin baki da ƙafafu da gashin ƙafafun.

A nawa ganin, misalin da ya fi daɗin nazari shi ne na Ampyx daga wajen Zagora, wanda aka yi bayaninsa a 2019. Makauniya ce mai dogon tsinke a goshi da biyu a baya. An same su cikin dutse mai shekara miliyan 480 sun yi jerin gwano, wani layin har guda 22, kusan duka sun fuskanci waje guda, tsinken wannan yana taɓa waccan. Da ruwa ne ya kwaso gawarwaki ya tara, da sun watsu barkatai. Jerin kansa yaƙini ne. Dalilinsa shi ne zato: ko gudun guguwa suke zuwa zurfi, ko taron barbara za su. An kai ga wannan zato ne domin akwai wani dangin jatan lande a tekun Amurka wanda har yau yakan yi irin wannan jeri in hadari ya taso.

Haka kuma Walliserops, mai mashi mai tsini uku a goshi. Alan Gishlick da Richard Fortey sun kawo hujja a 2023 cewa makamin karo ne tsakanin maza, kamar ƙahon rago, domin an sami wani mai nakasasshen mashi, tsini huɗu, amma ya girma har ya kai munzali. Da da shi ake neman abinci, in ji su, da yunwa ta kashe shi tun yana ƙarami. Hujjar tana da kyau, sai dai a kan gawa ɗaya ta dogara, kuma ba a tantance mace da namiji a wannan iri ba.

Ƙarewarta

Ba dare ɗaya ta ƙare ba. Wajen shekara miliyan 445 da suka wuce ƙanƙara ta rufe inda Sahara take yau, domin a lokacin Afirka ta Yamma tana kusa da ƙuryar kudancin duniya, kuma har yanzu ana ganin kartar ƙanƙarar a duwatsun kudancin Aljeriya. Teku ya ja baya, iri da yawa suka halaka. Waɗansu masifun suka biyo baya tsakanin shekara miliyan 370 da 360 da suka wuce, suka bar zuriya ɗaya tak. Wannan ta lallaɓa har lokacin da aman wutar Saberiya ya ɗumama duniya, iskar shaƙa ta yi ƙaranci a teku, ta tafi tare da mafi yawan halittun ruwa na wancan zamani.