Ɗinkin Yara: Rigar da Ke Barin Yaro Ya Sake

Yau shirin namu zai leƙa shagon tela, kan batun kayan ƙananan yara.

Da zarar azumi ya raba tsakiya, Kantin Kwari a Kano ba masaka tsinke. Iyaye na ɗaga shadda da atamfa da leshi, kowa na son ɗansa ya fito fes ranar idi. Wani uban har Getzner zai yanka wa ɗan shekara uku, shaddar da ake saƙawa a ƙasar Ostiriya. Babu laifi, ƙauna ce. Amma ku dubi yaran nan da hantsin Sallah: wannan na sosa wuya, wancan ya tuɓe rigar ya yar, yarinya na kuka saboda leshi ya goge mata hammata.

Galibi daga awo matsalar take farawa. Telan da ya ɗauki fasalin rigar babba ya rage ta, ya ce ta yaro ce, bai fahimci jikin yaro ba. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na babba kuwa wajen kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa wuyan rigar ƙaramin yaro ke buƙatar faɗi, ko maɓalli a kafaɗa, don kada a riƙa murɗe masa kunnuwa wajen sawa. Ga tumbi a gaba, babu ƙugun da zai riƙe wando, sai roba mai laushi wadda ba ta shata fata.

Sai yadin kansa. A zafin watan Afrilu, auduga ce ke shan zufa ta bar iska ta ratsa. Yadin roba kuwa riƙe zafi yake, ƙuraje su feso. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin hunturu, da yara ke kewaye wuta: irin wannan yadi narkewa yake ya manne da fata. Idan kuma dole sai leshi, a sa masa shafi na auduga, haka ma bayan aikin wuya, inda zare ke ƙarta.

Ado ma da iyakarsa. Duwatsun da ake mannawa da gam, da ƙananan maɓallai, yaron da bai kai shekara uku ba baki zai kai su. A Tarayyar Turai akwai ƙa'idar da ta hana sa igiya a wuya ko hular rigar yaron da bai kai shekara bakwai ba, saboda an sha samun ta maƙale a wurin wasa ta shaƙe yaro. Telolinmu ba sai sun jira doka ba. Launi mai kyau, yanka mai tsabta da surfani ɗan daidai sun isa su fito da yaro.

Iyaye kan ce, “Malam tela, a yi masa da ɗan girma.” Suna da hujja, domin a shekarar farko kaɗai jariri na ƙara kusan santimita 25, daga baya ya koma 5 zuwa 7 a shekara. Sai dai rigar da ke jan ƙasa kayar da yaro take. Ƙwararren tela yakan ɗinka daidai jiki, ya ɓoye rarar yadi a kalmasar ƙafar wando da ta hannu, baɗi a warware a saki. Kuma kafin almakashi ya taɓa yadin auduga, a jiƙa shi ya bushe tukuna, don ya gama tsukewarsa tun kafin a yanka.