Yadda ake amfani da sauti wajen gano shara mai guba da aka binne

Shara mai guba da aka binne ko aka jefa cikin teku takan ci gaba da illa shekaru da dama bayan an manta da inda take. Yin haƙa ba tare da sanin ainihin wurin ba yana iya fasa ganga, gubar ta malala cikin ruwa. Shi ya sa masana ke fara aika sauti kafin a taɓa ƙasa.

Dabarar ta dogara ne da amsa-kuwwa. Na'ura tana tura sauti, ya bugi abin da ke gabansa ya dawo. Da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwan teku, lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna nisan abin. Ƙarfe da dutse da laka ba sa mayar da sauti iri ɗaya, kuma da wannan bambancin kwamfuta ke zana hoto. Sauti mai kaifi yana fitar da hoto ƙarara, mai kauri kuwa yana ratsa laka ya nuna abin da ta rufe. A tudu, ana buga guduma kan faifan ƙarfe, na'urorin da aka jera a ƙasa su naɗi girgizar.

A watan Maris na 2021, masu bincike daga Cibiyar Nazarin Teku ta Scripps a Amurka sun yi wannan aiki tsakanin gaɓar Los Angeles da tsibirin Santa Catalina, inda aka taɓa zubar da dagwalon maganin ƙwari na DDT, wanda ƙasar ta haramta a 1972. Jiragen ƙarƙashin ruwa marasa matuƙi sun gano abubuwa fiye da 27,000 masu kama da ganguna a zurfin kimanin mita 900.

Sai dai da suka koma a 2023 da kyamara, sun tarar cewa akasarinsu tsofaffin harsasai da albarusai ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Sauti yana nuna wuri da siffa, amma ba ya bayyana abin da ke ciki. Don haka ake bin sawunsa da kyamara da gwajin laka kafin a yanke shawarar kwashe sharar ko barinta inda take.