Yadda Kunne Ke Ji, da Abubuwan da Ke Kawo Kurumta

Wannan fatar da ke gefen kai, wadda mata ke hudawa su rataya 'yan kunne, aikinta tattaro sauti ne kurum ta zura shi cikin rami, kamar yadda mazurari ke yi wa mai. Ainihin ji can cikin ƙashin kai ake yinsa.

Tsawon ramin kunne kamar santimita 2 da rabi ne. A ƙarshensa akwai wata fata siririya a ɗame kamar ta kalangu, watau dodon kunne, wadda ke girgiza duk sa'ad da sauti ya buge ta. A bayanta akwai 'yan ƙasusuwa 3 a jere, waɗanda likitoci suka laƙaba wa guduma da maƙera da likkafa saboda kamanninsu. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Su ke miƙa girgizar zuwa wani ɗan kwaroro da ya naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. Cikin ruwan nan akwai ƙananan halittu masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne. In ruwan ya kaɗa sai gashin ya lanƙwasa, jijiya ta ɗauki saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, sa'an nan ne mutum zai ce ya ji.

To, kurumta iri biyu ce, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe bambancinsu. Akwai wadda ke faruwa don an tare wa sauti hanya, alal misali dauɗa ta toshe rami, ko dodon kunne ya huje, ko mugunya ta taru a bayansa. Galibi wannan tana jin magani in an yi hanzari. Ɗayar kuwa ita ce wadda ke kashe halittun nan masu gashi. Waɗannan in sun mutu ba su sāke tsirowa.

Abin takaici, irin ta farko sau da yawa da hannunmu muke jawo ta. Sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza na iya huda dodon kunne, alhali kuwa dauɗar da ake ƙoƙarin ƙwaƙulowa tana tsare ramin daga ƙura, kuma da kanta take fitowa. Haka nan yaron da kunnensa ke zubar da mugunya, kada a ɗiga masa man ja ko ruwan ganye a ce zai bari in ya girma. Asibiti za a kai shi.

Masu kashe kunnen ciki kuwa, sanƙarau na kan gaba, kuma dattawa ba su manta da annobarsa ta 1996 a jihohin Arewa ba. Akwai ƙyanda da hangum, da shawara mai tsanani ga jariri, da zazzaɓin Lassa, wanda ke barin wasu da suka warke da kurumta. Wasu magunguna, kamar allurar jentamaisin da kwinin, suna yin lahani in an yi amfani da su barkatai ba da izinin likita ba. Tsufa ma na rage ji sannu a hankali.

Sai ƙara, wadda mutane suka fi rainawa domin ɓarnarta ba ta zuwa da zafi. Ma'aunin ƙarfin sauti shi ne desibel, kuma wanda ke wuni sa'a 8 kullum cikin ƙarar da ta kai desibel 85 yana cikin haɗari. Mai injin niƙa, da mai kwana kusa da janareta, da saurayin da ke cusa abin sauraron waƙa a kunne ya ƙure murya, duk abin ya shafe su. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, to ƙarar wurin ta yi yawa, sai a toshe kunne ko a matsa nesa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta, musamman ta hanyar allurar rigakafi da kula da ciwon kunne da wuri. Saboda haka lalle iyaye su lura. Jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ko yaron da ya shekara 2 bai fara furta kalmomi ba, a gaggauta kai shi a auna jinsa, ko a babban asibiti mafi kusa ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.