Ɗan Kwikwiyo Ya Rame: Ina Dabara?

'Yan'uwa, waɗansunmu da ke aikin lambu ko gadi a gidajen Nassarawa GRA, Kano, akan damƙa musu ƙananan karnukan nan da ko sun girma ba su fi kyanwa ba. In ɗan kwikwiyon ya rame, mai kula da shi ake tuhuma.

Mu fara duba cikinsa. Tumbi a kumbure, haƙarƙari a waje? Yawanci tsutsar ciki ce, wadda yakan ɗauko tun daga uwarsa. Malamin dabbobi zai ba shi magani kowane mako 2 har ya kai mako 12.

Cikin nasa ƙarami ne. Mu ba shi kaɗan-kaɗan sau 4 a yini: dafaffen ƙwai, nama ko kifi marar ƙaya, da 'yar shinkafa, da ɗuminsu don ƙanshi ya jawo shi. Tuwo zalla ba ya gina jiki. Madarar shanu takan sa shi zawo, albasa kuwa guba ce gare shi, saboda haka ban da ragowar miyarmu.

In ya yi laushi yana makyarkyata, mai yiwuwa sukarin jininsa ne ya faɗi. Mu shafa masa zuma a dasashi, mu garzaya asibitin dabbobi nan take.