Rijiya Ɗaya, Guga Goma: Tallafin Sola da Gidan Gandu

A Nariya da sauran garuruwan ƙasar Kibiya da Rano, gidan gandu bai ɓace ba. Zaure ɗaya ne, amma in ka wuce shi sai ka tarar da sassa: na tsoho, na 'ya'yansa maza da suka yi aure, na ƙanensa, wani lokaci har da ɗakin gwaggo da ta dawo bayan rasuwar mijinta. Kowane sashe da murhunsa da rumbunsa, amma akwai abin da ba a rabawa, wato rijiya.

Ba a taɓa jin dattijon da ya ce kowane sashe ya haƙa tasa ba. Ɗaya ake haƙawa a inda kowa zai iya kaiwa, a ɗaure bakinta da siminti, a yi mata murfi saboda yara. Kowace mace da guganta da igiyarta. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ko laka ta taru a ƙasa, mai gida ya tara mazan gidan a yi karo-karo a kira masu yasa. Mai shanu a turke ya san ya fi kowa jan ruwa, don haka ba ya jira a ce masa ya ƙara a kan abin da saura suka bayar. Wannan tsari ya girmi kowace hukuma da muke da ita, kuma ina ganin shi ne abin da masu tsara tallafin wutar sola ba su duba da kyau ba.

Tallafin dai akwai shi, kuma ba ƙarami ba ne. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 don shirin da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ke gudanarwa, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200. A watan Afrilun 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya je Jangefe a ƙaramar hukumar Roni ta Jigawa ya ƙaddamar da shirin Solar Power Naija, da burin kai wuta gidaje miliyan 5, Babban Bankin Najeriya kuma ya ware naira biliyan 140 a matsayin rance ga kamfanonin da za su yi aikin. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda ake fatan zai amfani mutum miliyan 17.5.

Kuɗin ba hannun talaka suke shiga ba. Kamfani ne ke kafa kayan, a zo a tantance cewa wuta ta kama a gidan wane, sannan a biya shi wani kaso, shi kuma ya sassauta farashi. Wannan dabara ce mai kyau, don tana hana a karɓi kuɗi a kan aikin da ba a yi ba. Sai dai ga magidanci ƙofofin da aka fi sani biyu ne. Ko dai ƙaramar tashar sola da za ta ba gari guda wuta, wadda sai kamfani ya auna ya ga akwai injinan niƙa da shaguna da za su mayar masa da jarinsa, ko kuma ɗan akwatin nan na mutum ɗaya: ƙaramin faranti, ƙwan fitila uku ko huɗu, wurin cajin waya, in an yi sa'a da fanka, ana biya kaɗan-kaɗan ta waya, ranar da aka kasa biya a kashe shi daga nesa. Ta farko madatsar ruwa ce, ta biyu kuwa tulu. Tsakaninsu babu rijiya.

Ban raina ɗan akwatin ba. Duk wanda ya ga yarinya tana bitar karatu da dare ba tare da tocila a baki ba ya san amfaninsa. Amma a gida mai sassa takwas, sayen akwati takwas asara ce ta fili. An sayi batir takwas, an biya kuɗin shiga sau takwas, ga shi babu ko ɗaya da zai iya ɗaukar firiza. Sannan ba kowa zai samu ba. Ɗan da ke zuwa cin rani Kano ko Abuja zai iya ajiye kuɗin farko, sashensa ya yi haske, gwaggo kuwa ta kwana a duhu bango ɗaya tsakaninsu. Rana ta bayar, guga ya hana.

In da za a haɗa kuɗin nan wuri ɗaya, da tallafin a kai, faranti huɗu ko shida a kan rufin kwano da inbata ɗaya da batir mai kyau za su yi abin da akwatunan ba za su iya ba. Dalili shi ne mutanen gida ba sa jan wuta a lokaci guda, kamar yadda ba sa taruwa a bakin rijiya gaba ɗaya. Daga hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ta fi ƙarfi kuma ba a bukatar fitila, firiza ce za ta yi aiki, da keken ɗinki, da ƙaramin injin markaɗe. Da dare sai fitilu da fanka. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, su ne za su fi kowa cin moriya, kuma daga ribarsu ce kuɗin wata zai fito. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, janareto ya fi ƙarfin irin waɗannan sana'o'i.

Na san abin da za a ce: kayan tarayya rigima ne. Gaskiya ne. Duk wanda ya zauna gidan haya a Kano ya ga yadda ake tayar da jijiyar wuya a kan takardar wutar nepa, wannan ya ce ba shi da dutsen guga, wancan ya ce ba ya kwana a gida. Tsakanin faccaloli abin zai iya fin haka zafi. Amma rigimar tana tasowa ne idan guga ɗaya ne. A ba kowane sashe ƙaramar mitarsa, ya sa kati gwargwadon ƙarfinsa, maganar ta mutu. An gwada haka a nan Kano: a 2018 aka jera farantan sola a rufin kasuwar Sabon Gari, shaguna masu yawa suka riƙa ja daga wuri ɗaya, kowa yana biyan nasa. Abin da ya yiwu tsakanin 'yan kasuwar da ba su haɗa komai ba zai yiwu tsakanin 'yan uwa.

Sai maganar yasa, wadda ita ce ta fi damuna. Farantin sola yana iya shekara ashirin yana aiki in ana goge masa ƙurar hunturu. Batir ne ke mutuwa. Mai ruwa, a zafin ƙasarmu, shekara biyu zuwa huɗu ya gaji. Na litiyam ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Fitilun kan titi na sola da ke tsaye a ƙauyukanmu ba sa kamawa, yawancinsu a nan suka faɗi: an zo an kafa, ba a tanadi kuɗin batir ba, ba a kuma ɗora wa kowa alhakinsu ba. Don haka duk tallafin da za a ba gidan gandu ya kamata ya zo da sharaɗin cewa wani kaso na kuɗin kati yana shiga asusu, a hannun wanda gidan ya yarda da shi, da sanin mai unguwa. A kuma koya wa matasan garin gyara, don kada ƙaramar waya ta tsinke a jira mai gyara daga Kano.

Gidan haya, irin na cikin garin Rano ko unguwannin Kano, matsalarsa daban ce. Rufin na mai gida ne, duhun na ɗan haya. Mai gida ba ya ganin dalilin kashe kuɗi a kan wutar da ba shi zai sha ba, in kuma ya sa, sai ya ƙara kuɗin haya. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fuskanci wannan, ta yi doka a 2015, shirin SOMAH ya fara aiki a 2019 da kuɗi har dala miliyan 100 a shekara. Ana taimaka wa mai ginin ya kafa sola, bisa sharaɗin aƙalla kashi 51 cikin ɗari na amfanin wutar ya tafi ga 'yan haya, kuma ba zai fake da solar ya ƙara musu haya ba. Kuɗinsu ba namu ba ne, amma sharaɗin ba ya bukatar dala.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Gwamnatin Kano za ta iya zama da REA da kamfanonin sola ta nemi a riƙa ƙirga gida mai sassa takwas a matsayin masu amfani takwas a kan na'ura ɗaya, a biya tallafin kowanensu. Dagatai da masu unguwanni a Nariya da Tarai da Durba sun san kowane zaure da yawan sassan da ke bayansa, don haka jerin gidajen da za a fara da su ba zai yi wuyar haɗawa ba.